Guzurin Malama Herlinda

Yaran yanzu a hoto suka san Herlinda Balderas: mace mai furfura da tabarau, tsaye a majalisar jihar Texas, ta ɗaga yatsa tana yi wa wani ƙato bayanin da bai nema ba. Ni kuwa na san ta tun muna 'yan mata, muna cire albasa a gona ɗaya, ita tana waƙa ni ina mita. Ita ta riƙe 'yata Oralia a coci ranar baftisma, tun daga ranar kuma muka daina kiran juna da suna, sai comadre, mijina kuma ya zama compadrenta. A wurinmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Ƙanwarki kina iya ce mata a'a ki yi barcinki lafiya. Comadre kuwa in ta buɗe baki ta roƙe ki abu, daga ke har mijinki ba ku da ta cewa, sai yi. Shi ya sa mai mutunci ba ta roƙon abin da ta san zai yi wa 'yar'uwarta nauyi.

A wancan zamanin, farkon shekarun saba'in, unguwarmu a Santa Librada rabin shekara kawai take da mutane. Da an gama cire albasa a ƙarshen Afrilu sai ka fara jin guduma ta ko'ina, ana buga katako a tagogi. A kai kare gidan kaka, a bar wa tsohuwar maƙwabciya shukokin tukunya ta riƙa ba su ruwa, Fada ya zo ya yayyafa wa motoci ruwan albarka, sai mu miƙa arewa, Minnesota, noman betabel, saiwar nan da ake yin sukari da ita. Ba mu dawowa sai sanyi ya koro mu, wajen Nuwamba. Mijina Eulalio shi ne madugu. Babbar motarsa mai bodin katako da rufin tamfol ita ke gaba, sauran suna biye, kuma ranar da ya sa ita ce ranar tafiyar kowa.

Ba zan ce muku daɗi ne zalla ba, don har yau ƙuguna yana tuna mini da gajeriyar fartanyar nan. Amma ina kewar tafiyar, Allah ya sani. Ina kewar yara a kan katifu a bayan mota suna musu a kan wa ya fara hango saniya, da kofin da muke dafawa a bakin titi da sassafe, da kiɗan akodiyon ɗin Melitón, abokin Eulalio, wanda waƙa uku kacal ya iya amma bai taɓa jin kunyar maimaita su ba. Unguwa guda ce ta tashi ta hau taya, da gulmarta da faɗanta da komai.

Abin da ba na kewa shi ne abin da tafiyar ke yi wa 'ya'yanmu. Makaranta ba ta rufewa sai ƙarshen Mayu, ta buɗe kuma farkon Satumba. Namu su bar aji kafin jarrabawa, su dawo an yi nisa. Hukumar makarantun gari tana da doka: yaron da bai zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba, ya maimaita aji. Oralia tana da ƙwaƙwalwa, malamai ma sun shaida, amma ga ta ta kai kafaɗata tsawo tana zaune a aji biyar, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Ta riga ta gaya mini in aka sake maimaita mata, ita da makaranta sai dai a gaisa daga nesa.

Herlinda ta san wannan ciwon, don ita ma haka aka yi mata. Ta gama sakandare sa'anninta na goye da 'ya'ya, ta daure ta yi kwalejin malamai, ta dawo ta karɓi aji biyar a makarantar unguwarmu. Kowace shekara sai ta je gaban hukumar ta nemi abu ɗaya: a bar yaran tafiya su rubuta jarrabawarsu a Afrilu. Mutanen hukumar duk Turawa ne masu gonaki da shaguna, alhali mu 'yan asalin Meziko mun fi su yawa a garin nesa ba kusa ba. Su saurare ta suna duba agogo, shugabansu Mista Krenek, mai rumbun tara albasa, ya ce za a duba. An yi ta dubawa shekara da shekaru.

Wata rana bayan Kirsimeti ta shigo kicin ɗina, ta zauna ko jaka ba ta sauke daga kafaɗa ba.

"Comadre, zan nemi kujerar Mista Krenek."

Na ajiye ludayi. "Ke? A hukumar? To ajin naki fa?"

"Doka ba ta yarda mutum ya ci albashin hukuma kuma ya zauna a cikinta ba. In na ci, dole in ajiye aiki."

"In kin faɗi fa?"

Ta yi 'yar dariya. "In na faɗi, kina ganin Mista Krenek zai sake sa hannu a takardar aikina? Ko ta ina aka bi, aji ya tafi. Na riga na gaya musu Juma'ar jajiberin zaɓe ce ranata ta ƙarshe."

Na san abin da aji yake a wurin matar nan. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, yaran nan su ne duniyarta. Da zazzaɓi take zuwa makaranta, ta ce in ta kwanta a gida ciwon ƙaruwa yake.

"Kin haukace," na ce mata.

"Na gaji da roƙo a tsaye, comadre. Ina so in zauna a teburin nan in ji yadda ake faɗin 'za a duba' daga ciki. Ki zuba mini kofi, ki daina harara ta."

Haka muka shiga gida-gida. Muka yi wa mutane rajista, har tsofaffin da suka rantse ƙafarsu ba za ta sake taka ofishin gwamnati ba. Kowa ya yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Mun yi ta murna, muna ganin kamar an riga an gama, ba mu lura da abin da ke gaban hancinmu ba. Zaɓe Asabar ta farko ce a watan Mayu. Mista Halvorson kuwa, mai gonar da muke yi wa aiki a Minnesota, ya aiko cewa bazara ta shigo da wuri, betabel ya tsiro, yana son ganin fartanya a gonarsa kafin ƙarshen makon zaɓen. Eulalio ya sa Laraba da asuba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Mista Krenek bai ko manna hotonsa a jikin bango ba. Mutumin ya fi mu sanin kalandarmu. An ce ana iya jefa ƙuri'a kafin ranar, amma a ofishin hukumar, a gaban sakatariya, ƙanwar matar Mista Krenek, ta rubuta sunanka tana kallonka ta saman tabarau. Mazajenmu kuwa a rumbunsa suke samun ɗan aikin lokacin sanyi, don haka ba wanda ya je.

Na sami Eulalio a ƙarƙashin mota yana shafa giris, ƙafafunsa kaɗai ke waje, don haka da su na yi magana.

"Tsoho, ka ɗaga tafiyar nan zuwa Asabar."

"Tsohuwa, betabel ba ya jiran ƙuri'a. In muka makara wani ayarin ya riga mu, su karɓe ɗakunan da ba sa yoyo da gonakin da ba ciyawa. Ba ni kaɗai ba ne, iyalai ne a wuyana."

"Comadrenka ce fa. Aikinta ta ajiye saboda 'yarka."

Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "To ta roƙe ni mana. Ta zo ta ce, compadre, ka tsaya. Na rantse da kabarin uwata ko makulli ba zan murɗa ba."

Ya san sarai ba za ta roƙa ba. Wayon maza ke nan, su laɓe bayan mutuncin mace su ce ai ba a tambaye su ba. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, amma a ranar ban ga bambancin ba.

Na wuce makaranta na sami Herlinda bayan an tashi, tana goge allo.

"Ki je ki roƙe shi. Kalma ɗaya ce."

"Ba zan je ba."

"Girman kai dai!"

Ta juyo da tsumma a hannu. "Comadre, kin manta shekarar da motar babana ta lalace a hanya muka isa a makare? A tsohon ɗakin kaji muka zauna har kaka. Ƙanena ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba sai da ya girma. Ni zan jefa 'ya'yan mutane cikin wannan don in sami kujera? Ku tafi ranar da aka sa. In faɗuwa ce in faɗi."

"Ki rasa aji, ki rasa kujera, ki ci me? Alli?"

"Ki gaishe da compadre," ta ce, ta koma ga allonta.

Na fito ina ji kamar in kama kawunansu su biyun in gwara.

Tsakanin Santa Librada da Minnesota tafiya ce ta kwanaki, kuma a wancan lokacin gidajen abinci da yawa a hanya ba sa sayar wa irinmu, wasu ko bayan gida ba za su bari ka shiga ba. Saboda haka ayari ba ya tashi sai da abincinsa. Jajiberin tafiya kowane gida kasko na kan wuta tun safe. A murza tortiya, wainar fulawa mai faɗi, a naɗe ta da soyayyen wake, wata da dankali da ƙwai, wata da barkono don maza, a jera a manyan gwangwanayen kitse a rufe da tsumma mai tsabta. Unguwa duka ta ɗauki ƙamshi, yara na zagaya gidaje suna karɓar waɗanda suka ƙone. Namiji bai taɓa tambayar yadda ake yi ba, shi dai ya san in yana tuƙi ya miƙo hannu za a sa masa.

Ranar Litinin na je wajen Doña Chona, tsohuwar ungozomarmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa, har da Eulalio. Na same ta tana matse bargo a bakin famfo, na zazzage mata komai. Ta saurara, ta shanya bargon, ta dubi hannayenta.

"Ni dai, Ninfa, hannun nan nawa ya matsa mini kwana biyu. Ban ga alamar zan iya murza fulawa gobe ba."

Na dubi hannun da ya gama matse bargo kamar ƙyallen hanci.

"Ke fa?" ta ce. "Na ji an ce fulawar bana duk ta yi ƙwari. Taki lafiya?"

"Ta yi, Doña. Yanzu na tuna."

Iyakar maganar ke nan. Ba a yi taro ba, ba wadda ta ambaci zaɓe. Magana ta bi ta kan shinge daga igiyar shanya zuwa igiyar shanya, kafin rana ta faɗi ta kai gidan ƙarshe.

Talata gari ya waye ba ƙamshi. Aka yi wa yara abincin rana kamar kullum, daidai cikinsu, aka kashe wuta. Mata suka fito bakin ƙofa suna tsefe kan 'ya'yansu. Da yamma maza suka fara taruwa a gindin motar Eulalio, kowa na leƙen fuskar ɗan'uwansa. Daga kicin ina jin Melitón.

"Tawa cewa ta yi kasko ya tsage. Kaskon ƙarfe, compadre! Na kakarta! Na ce nuna mini, ta ce ba ta son in gani raina ya ɓaci."

Eulalio ya shigo ya buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, duk wayam.

"Ina guzuri?"

"Fulawa ta yi ƙwari."

"Shekaranjiya na sayo ta!"

"To ka mayar wa mai shagon, ka ji abin da zai ce."

"Ninfa, ba a fafe gora ranar tafiya, ke ma kin sani."

"Na sani, tsoho. Shi ya sa ba zan fafe gobe ba."

Laraba da asuba ba motar da ta motsa. Da hantsi Eulalio ya naɗe hannun riga ya ce abin da mace ke yi tana hira ba zai gagari madugu ba. Ya zuba ruwa ya yi yawa, ya ƙara fulawa ta yi yawa, ya manta da kitse gaba ɗaya. Abin da ya sauko daga kaskon ya miƙa wa Melitón ya ɗanɗana. Melitón ya tauna, ya tauna, ya ce a adana ta, za ta yi amfani in taya ta yi faci. Maza suka fashe da dariya, ban da Eulalio. Ya wanke hannu ya fito tsakar titi ya ce gobe Alhamis za a tashi ko da burodin shago da kifin gwangwani ne, matar da ba ta hau ba ta zauna ta yi gadin katako. Daga nan dariya ta ƙare. Na ga masu jarirai sun fara sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba, don su ma sun san ɗakin da ke jiran wanda ya makara.

Da aka tashi daga makaranta sai ga Herlinda ta karyo kwanar layinmu, buhun fulawa a kafaɗa, da rigar aikinta da takalmi mai tsini, alli bai bar yatsunta ba. Ta dire buhun a tsakar gidana.

"Wa ya sa ku?"

"Comadre, fulawa ce ta yi..."

"Yara nake koyarwa, comadre, tun daga bakin ƙofa nake gane ƙarya. Ga fulawa mai kyau. In ba za ku yi ba ni zan yi. Gobe ku kama hanya."

Ta hura murhun tsakar gida, ta ɗauko babban kwanona ba ta tambaye ni ba, ta fara kwaɓi. Rabonta da irin wannan aiki tun tana budurwa, hannunta ya yi nauyi, tortiyar na fitowa wata doguwa wata mai kusurwa, amma ba ta tsaya ba. Ta ƙona yatsa ta sa a baki ta ci gaba. Mutane suka taru a bakin shinge, maza da mata. Ni kuwa gaba kura baya sayaki. In na kama mata, na taya ta korar masu zaɓenta. In na tsaya kallo, na bar comadrena tana aiki ita kaɗai a tsakar gidana, abin kunyar da uwata za ta juya a kabari saboda shi. Na tsaya riƙe da sandar murji ina hawaye don haushi, ban san ma wa nake jin haushin ba.

Ta ɗumama ragowar waken rana, ta naɗe tortiyar farko, ta nufi Eulalio da ke jingine da ƙofar mota.

"Compadre, ɗanɗana ka ji ko za ta kai ka Minnesota."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ci a hankali har ya cinye, idonsa a ƙasa. Ya dubi buhun, ya dubi yatsan da ta ƙona, ya dubi Oralia da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai ya zagaya gaban mota ya ɗaga bonet, ya cusa kai ciki ya daɗe yana ƙwanƙwasa abubuwa. Da ya ɗago sai ya yi magana da ƙarfi yadda na ƙarshen shinge zai ji.

"Kafireta ta mutu. Sai an aiko da sabuwa daga San Antonio. Ba za ta iso ba sai Asabar."

Melitón ya karkace hula. "Asabar da wane lokaci, compadre?"

"Wajen tsakar rana. Mai wani uzuri a cikin gari da safe, ya je ya yi abinsa."

Herlinda ta tsaya da kwaɓi a hannu. "Compadre, ban roƙe ka ba."

"Ni ma ba don ke na tsaya ba, comadre. Mota ce. In kin iya gyaran kafireta, ga sifana."

Ta sa damtse ta share ido, ta bar fulawa a gira. Sai ga Doña Chona ta turo ƙyauren shinge ta shigo, hannu ya warke sarai.

"Matsa, 'yar nan, kina ɓata wa mutane fulawa. Je ki zauna, 'yar takara ba ta tsugunno."

A yammacin nan kaskon Melitón da ya tsage ya haɗe, ƙwarin fulawa suka yi ƙaura. Buhun Herlinda a tsakar gidana aka cinye shi, kowa a tsaye, akodiyon na ta maimaita waƙoƙinsa uku. Na yi shekaru ina cin abinci a wurare masu tebur da farin ƙyalle, ban sake cin abin da ya kai wannan daɗi ba.

Yara suka koma makaranta Alhamis da Juma'a, kwanakin da suka samu a ɓagas. Ranar Juma'a Oralia ta dawo ta ƙi cin abinci. Na tambaye ta ko Malama ta yi musu ban kwana, ta ce a'a, lissafi ta koya musu har aka tashi, ta ce kowa ya gyara kujerarsa kafin ya fita.

Asabar muka sa kayan coci, muka ɗaure katifu da tukwane a motoci, muka jera su a babban titi gaban ofishin 'yan kwana-kwana inda aka ajiye akwatin zaɓe. Layi ya fito daga ƙofa ya zagaya har bayan gidan waya, maza riƙe da huluna, mata da jarirai. Mista Krenek ya fito daga shagon aski da sabulu a kunne, ya tsaya yana kallon mutanen da ya ɗauka sun kai rabin hanya. Ya ɗaga wa Eulalio hannu, Eulalio ya ɗaga masa cikin ladabi. Sai muka ga ya shige kantin magani da sauri, inda akwai tarho, ya fara kiran nasa mutanen daga gonaki. Kafin mu gama sai ga motocinsu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya jefa tasa sai ya wuce ya hau mota. Ba mu jira ƙirga ba, ba halin jira. Kafiretar San Antonio ban ga wanda ya kawo ta ba, amma mota ta tashi bugu ɗaya. Herlinda na tsaye a bakin gidan mai na ƙarshen gari, tana ɗaga wa kowace mota hannu, tana kiran yara da sunayensu ɗaya-ɗaya tana ce musu su riƙa karanta allunan hanya da ƙarfi kada kai ya yi tsatsa.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Guzuri ya yi kyau fiye da na kowace shekara, amma ba na jin ɗanɗanonsa. Muka isa Litinin da rana muka tarar da abin da Eulalio ya ji tsoro. Wani ayari ya riga mu, sun shanya kayansu a gaban ɗakuna masu kyau. Mista Halvorson ya nuna mana wani dogon rumbu a bayan gona, rufinsa ana hango sama ta ciki, da gonakin da ciyawa ta fi betabel tsawo. Ba wanda ya ce wa Eulalio kanzil, shi ma bai ce mini ba. Mata suka ɗauko tsintsiya, maza suka hau rufi da tamfol. Daminar nan mun sha wuya, ba sai na ba ku labari ba.

Kafin a gama sauke kaya na ce Eulalio ya kai ni shagon mararraba, inda akwai tarhon da ake jefa wa kwabbai. Rabin ayarin suka biyo mu, suka tsaya a waje a kan tsakuwa. Ta ɗauka bugu ɗaya, kamar a gindin tarhon ta wuni.

"Comadre, kun isa? Ina aka sauke ku?"

"Ke dai bar wannan. Faɗa mini kafin zuciyata ta fito."

"Mun ci."

Na leƙa ta ƙofa na ƙwala ihu, "Ta ci!" Waje ya kaure. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A sanyin shekarar hukumar ta yarda da jarrabawar Afrilu, bayan Herlinda ta hana su tashi daga taro sau ba adadi. Oralia ta gama sakandare, ta zama ma'aikaciyar jinya. Herlinda kuwa daga hukumar makarantu aka tura ta majalisar gunduma, daga can majalisar jiha, kuma duk inda ta je maganarmu take yi har a gaji a ba ta. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da na mayar da tarho kunne, shiru na ji.

"Comadre? Kina nan?"

"Ina nan." Muryarta ta canza. "Yau da safe na tashi na yi wanka, na goge riga, na ɗauki jaka. Sai da na kai ƙofar makaranta na tuna. Na leƙa ta taga na ga wata yarinya a ajina, tana rubuta sunanta a allo."

"Sai kika yi yaya?"

"Na tsaya a bakin shinge har ta gama kiran suna. Yarinyar kirki ce, da gani. Amma ta sa Ramiro a kujerar baya, comadre, kuma ba ya gani daga baya, kunya ce ba ta barinsa ya faɗa. Na ɗaga ƙafa zan shiga in gaya mata, sai na tuna yanzu ni hukuma ce, in na shiga tsoro za ta ji."

Ina jin numfashinta, ina jin ihun mutanenmu a waje, har layin ya yanke. Ba ta sake tsayawa gaban aji ba har Allah ya karɓi ranta.

Na fito na tarar ana rawa a kan tsakuwa, Doña Chona ta riƙe siket da hannu ɗaya tana juyi, Eulalio na ta danna ham ɗin mota kamar yaro. Da ya ga fuskata sai ya saki ham ɗin.

"Tsohuwa, lafiya? Ba kin ce ta ci ba?"

Na ce, "Ta ci."